Ranar Da Baba Ya Cire Takalmi

Ku da kuka saba da ni a wannan shafi, da wadda yau ta fara cin karo da labarina, ku matso in faɗa muku abin da ko ƙawayena ban taɓa faɗa wa ba. Na doshi shekara talatin a duniya ban taɓa ganin ƙafar mahaifina ba.

Ba don ba gida ɗaya muke ba. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nawa. Na san tarinsa, na san yadda yake dire kofin shayi idan ransa a ɓace yake, na san tabon da ke bayan kunnensa. Amma daga ƙwauri zuwa ƙasa, Baba baƙin takalmin soja ne mai doguwar igiya, wanda yake shan mai kullum safe har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Da shi yake zama a tsakar gida, da shi yake cin abinci. Alwala a banɗaki yake yi, ƙofa a kulle. Salla a ɗaki, a zaune, labule a sake. Abin da ke biyo baya kawai nake gani: robar ruwan ɗumi da Mama ke fitowa da ita ta tuttular a magudana da sauri kamar ta sato, da safa masu kauri a kan igiyar shanya, waɗanda duk sabulun duniya bai fitar musu da jan nan na wajen yatsu ba.

Baba tsohon Saje ne. Duk unguwa Saje ake ce masa. Ni kuma tun ina rarrafe yake kirana Kurtu, wai ni ce ta ƙarshen shigowa kuma ba na jin oda.

Labarin ƙafar a bakin Mama na tsince shi, gutsure-gutsure. Lokacin yaƙi an ajiye su a wata fadama wata da watanni, cikin ramuka, ruwa har gwiwa. Doka ita ce ba a cire takalmi, ko da barci mutum zai yi. Ƙafa ta jiƙa, ta yi fari, ta fara ruɓewa a ciki kana ji kana gani. Baba yana da aboki ana ce masa Dogo, rana ɗaya aka ɗauke su aiki. Wata rana da tsakar rana wani ƙaramin hafsa ya tausaya wa Dogo, ya ce ya cire ƙafar ta sha iska. Sai aka kira hafsan a wani gefe, ya tafi. Ba a jima ba aka buɗe musu wuta. Kowa ya ruga, Dogo ya tsaya neman zura takalmi. Da aka gama yaƙi, Baba ya dawo gida da takalman Dogo rataye a wuyansa.

Suna nan har yau a bakin ƙofar ɗakinsa, igiya a sassauce, baki a buɗe, kamar mai su wanka ya shiga. Kullum safe Baba biyu yake gogewa, nasa da na Dogo.

Kuma kullum, gab da kiran sallar asuba, akwai wani motsi a tsakar gidanmu. Tafiya ce ta mara takalmi a kan siminti, a ja ƙafa ɗaya, a dire ɗaya. Shuu, taf. Shuu, taf. Daga ƙofar Baba zuwa gindin famfo, a juyo. Tun muna yara Mama ta ce mana Dogo ne yake zuwa duba takalmansa, ba ya cutar kowa, sai dai ba ya son a leƙa shi. Yayyena duk sun yi aure sun bar gidan, babu wanda ya taɓa ɗaga labule. Ni da na karanci haɗa magunguna, nake wuni a kantin magani ina gaya wa mutane ba jifa aka yi musu ba, hawan jini ne, ni ma ban taɓa ɗagawa ba. Ku yi dariyarku. Boko aikin rana yake yi, da asuba ba ya nan.

Bara ciwon ƙafar hagu ya ƙi lafawa. Mama ta yi kuka ta yi fushi har ya yarda wani likita ya duba shi. Likitan ya ce gyambon ya kusa ƙashi, idan ƙwararru ba su yi aiki da wuri ba, sai dai a yanke. Aikin kuwa ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Hanya ɗaya ta rage: idan kwamitin likitocin soja ya tabbatar a bakin aiki ya samu ciwon, za a ba shi diyya, a kuma kwantar da shi a asibitinsu. Sau uku ake ba mutum damar tsayawa gabansu. Baba ya riga ya cinye biyu.

Mama ce ta raka shi duka biyun. Ta ce a barandar jira jingine yake da kafaɗarta, gumi na tsiyaya, yana cije leɓe. Ana kiran sunansa, ya shiga ya hango taurari a kafaɗar Kanar ɗin da ke shugabantar zaman, sai ya miƙe kamar an zura masa taɓarya a baya. Ya buga ƙafa, ya ƙame, ya sara. Kanar ya tambaye shi ko akwai damuwa, ya ce babu, Yallaɓai. Aka ce ya taka zuwa bango ya dawo, ya yi musu fareti mai kyau, har Kanar ya ce da ma kuratan yanzu haka suke. A cikin tasi ya sume mata. Karo na biyu sai da ya rantse mata zai faɗi gaskiya, aka sake kwatawa. Da suka dawo bai yi musu ba, cewa kawai ya yi bai san lokacin da ya yi ba.

Na yarda da shi. Mutane suna cewa girman kai ne. Ni a ganina shekara da shekaru aka ɗauka ana koya wa jikinsa kada ya saurare shi, kuma jikin ya haddace karatun.

Gwaggo, yayar Baba, ita kullum maganarta ɗaya ce, haƙuri maganin zaman duniya. Ni da magani ne sana'ata, na san babu maganin da ba shi da awo. Idan ya wuce awonsa, guba ne.

To, ana cikin wannan ne Mai Ciwon Kai ya shigo rayuwata. Haka na ajiye lambarsa a waya, kuma har yau ban canza ba. Mutum ne mai tsayi, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, kullum cikin farar riga mai guntun hannu. Ya zo sayen maganin ciwon kai, washegari ya dawo, jibi ma ya dawo. Da abin ya ishe ni na ce masa idan da gaske yana shanye abin da yake saye, to hantarsa ce abin tausayi, ba kansa ba. Ya yi murmushi ya ce suna nan jere a aljihun motarsa, ko ƙwaya ɗaya bai ɓalla ba.

Daga nan saƙo ya fara. Da safe: "Likita, mara lafiyarki ya tashi." Da yamma: "An rufe kanti? Kada ki bi ta lungun nan mara fitila." Ya ce mini ma'aikacin gwamnati ne, ni kuma ban tona ba. Sai ranar da zai fara zuwa gaida iyayena na san wane irin aiki ne.

Na shirya tun la'asar, doguwar riga ruwan zuma mai ɗinki a wuya, da mayafi ruwan madara da na daɗe ina ɓoyo. Mama ta share tsakar gida har sau biyu, ta fito da kofunan da ba a taɓawa sai baƙi. Gwaggo ta zo tun azahar, ta kafa kujera inda za ta ga komai. Sai ga saƙonsa, an riƙe shi a wajen aiki, ba zai samu komawa gida ya sake kaya ba, in yi masa afuwa. Na ce ba komai. Ina na sani?

Ya yi sallama ya shigo cikin kaki, taurari uku a kowace kafaɗa. Kyaftin.

Ya cire hula ya durƙusa gaban Baba yadda ɗan mutunci yake yi. Kafin gwiwarsa ta kai ƙasa Baba ya miƙe, ya buga ƙafar nan ta hagu a siminti, ya sara. Ga ɗaya a durƙushe, ga ɗaya a ƙame. Wannan ba zai tashi ba sai babba ya ce ya tashi, wancan ba zai zauna ba hafsa yana wurin. Kyaftin ya ce Baba don Allah ka zauna, Baba ya ce na gode, Yallaɓai, bai motsa ba. Ya sake roƙo, har da don girman Allah, amsar ba ta canza ba. Ina kallon jijiyar wuyan Baba tana harbawa.

Sai wayar Kyaftin ta yi ƙara. Ya nemi izini ya juya gefe. Wani yaronsa ne a wajen aiki, da alama yana neman barin inda aka ajiye shi. Muryar nan mai sanyi da na sani ta ɓace, wata ta fito, gajera mai kaifi.

"Zauna inda kake."

Baba ya zauna. Ya san ba da shi ake ba, na ga hakan a idonsa, amma kafin ya gama sani ya riga ya kai kujera. Ba wanda ya lura sai ni.

Ranar Mama ta daɗe a ɗaki da robar ruwan ɗumi.

Gwaggo kuwa bakinta har kunne. Ta ce na tsinci dami a kala, maza a sa rana kafin wata mai wayo ta riga ni, shekaruna ba na zaɓe ba ne. Ta ce ga kwamiti ma ya zo da sauƙi, yaron ya raɗa wa Kanar magana a kunne shi ke nan. Da na gaya mata ya ce ba shi da hannu a kwamitin kuma ba zai nemi alfarma ba, ta taɓe baki.

"To mene ne amfanin tauraro a kafaɗa idan bai haska wa surukai hanya ba?"

Ya sake zuwa sau da dama cikin kayan gida. Bai yi amfani ba, Baba ya riga ya ga taurarin, ko da bargo ya rufa yana ganinsu. Kowace ziyara jini take ci. Na ce ya daina shigowa, mu riƙa gaisawa a ƙofar kanti. Ya tambaye ni maganar aure, na ce ya jira a gama da kwamiti. Gwaggo ta ɗauka yanga nake yi. Ni kuwa tunanina, wace irin 'ya ce za ta kawo wa ubanta surukin da zai riƙa tsaya wa har ƙarshen ransa?

Ana saura kwana kaɗan zaman ƙarshe, ya zo ɗaukata bayan an rufe kanti. Ana yayyafi, muna zaune a mota bai tayar ba. Na ba shi labarin zama biyun farko, na tuna masa ranar da ya ɗaga waya a gidanmu. Sannan na faɗi abin da nake so: ya sa kaki ya shiga tare da mu, ya ba Baba oda ya cire takalmi.

Ya daɗe yana kallon ruwa a gilashin motar. Ya ce mutumin nan ya girmi mahaifinsa. Ya ce a gidansu ko sunan suruki ba a kamawa, balle a ɗaga masa murya a gaban mutane. Ya ce a bar shi ya lallaɓa shi a gida, ya yi masa bayani. Na ce Mama ta fi shekara talatin tana lallaɓawa.

"Idan na yi masa tsawa ranar, da wane ido zan turo iyayena neman aurenki?"

"Ban sani ba."

"Kin san zai iya cewa kada in sake taka ƙofar gidansa."

"Na sani. Amma ya faɗa yana da ƙafa biyu."

Ya juyo ya dube ni kamar ranar ya fara ganina. Ya ce ashe ba a banza ake ce mini Kurtu ba, ba ni da tausayi ko kaɗan. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya sauke ni a ƙofar gida. Sai da na kwanta saƙo ya shigo: "Wane lokaci ne zaman?"

Ranar Baba ya sa tsohuwar rigarsa ruwan toka da Mama ta goge har tana ƙyalli, ya goge takalma biyu kamar kullum. Barandar jiran doguwa ce, benci a jikin bango, warin maganin wanke ƙasa ya cika ta. Tsofaffin sojoji ne jere, mai sanda, mai silifa da aka yanke wa gaba don yatsu su samu wuri, mai ƙafar da ta kumbura kamar turmi. Wani tsoho mai ƙafa ɗaya, da alama sun san juna, ya hango Baba ya washe baki.

"Saje, yau ma faretin za ka yi musu?"

Baba ya ce masa ya ji da kansa.

"Ni ai na huta. Tawa na baro ta can, ba ta nan balle ta ƙaryata ni."

Aka yi dariya, har da Baba, yana riƙe da hannun Mama kamar zai karya shi. Mutum ɗaya ake bari ya raka mara lafiya, na ce wa Mama yau ni ce. Ta dube ni, ta dubi ƙarshen baranda inda Kyaftin ya ɓullo cikin kaki, guga kamar ta yanki mutum. Ta zare hannunta ta ba ni wurin.

Ɗakin ba wani babba ba ne. Dogon teburi, likitoci uku, fanka tana juyawa a kasale, gadon gwaji a bayan labule. Kanar dattijo ne mai tabarau, gajiya ce a fuskarsa ba mugunta ba. Kyaftin ya sara masa ya nemi izinin tsayawa a matsayin ɗan gida, Kanar ya ɗaga masa kai.

Abin da Mama ta ba ni labari na gani da idona. Mutumin da na shigo da shi yana rataye a kafaɗata ya sake ni kamar bai san ni ba. Ya buga ƙafa, ya sara. Akwai damuwa, Saje? Babu, Yallaɓai. Ya taka zuwa bango, ya juya a kan diddige, ya dawo. Kanar ya sauke numfashi, ya ce shi abin da ya gani zai rubuta, ya jawo biro.

Na dubi Kyaftin. Kansa a sunkuye. Na ce a raina shi ke nan, kunya ta ci shi.

"Saje."

Muryar nan ce, ta ranar waya. Baba ya juya gare shi gaba ɗaya.

"Zauna a kujerar nan. Cire takalmi."

Baba ya zauna, amma hannunsa ya tsaya a kan gwiwa. Bai dubi Kyaftin ba, bai dube ni ba, wani wuri yake kallo can bayan bango.

"Yallaɓai, doka ta hana."

"Na ɗage ta. Cire."

Ya sunkuya. Ban taɓa sanin igiyar takalmi tana da tsawo haka ba. Yana zare ta daga huda zuwa huda, tana wani ɗan kuka, ba abin da ake ji a ɗakin sai ita da fanka. Na dama ya fita. Na hagu sai da ya riƙe da hannu biyu. Safar ta manne, ya ɓanɓare ta a hankali.

'Yan uwa, na ga raunuka a wajen aiki, ba na jin ƙyama. Amma wannan ƙafar ubana ce. Fara fat kamar ba jikinsa ba, yatsun sun hau juna sun lanƙwashe, biyu babu farce, tafin ya baje ya tsattsage. A gefen ta hagu ga rami, bakinsa baƙi, cikinsa ja. Wari ya taso, ɗaya daga likitocin ya ajiye bironsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai ƙanƙantarsu. Cikin takalmin nan na ɗauka ƙafar ƙato ce.

"Tashi. Yi tafiya yadda kake yi idan ba mai ganinka."

Baba ya dafa kujera ya miƙe. Kafaɗun nan suka sauko, bayan ya ranƙwafa. Ya ja ta hagu, ya dire ta dama.

Shuu, taf. Shuu, taf.

Na san wannan tafiyar. Da ita na girma, a ƙarƙashin bargo, ina toshe kunne ina karanta duk addu'ar da na iya. Daga ƙofa zuwa famfo, a juyo. Ashe ba Dogo ba ne. Ubana ne yake fitowa kafin gari ya waye, ya ba ƙafarsa iskar da ya hana ta duk wuni.

Kanar ya cire tabarau ya zagayo da kansa, ya tsuguna ya duba. Ya ce yau za a kwantar da shi, ba gobe ba, maganar diyya kuma ba sai an sake zama ba. Sannan ya tambayi Baba don me bai faɗa ba tun zuwan farko.

"Ni aka tambaya, Yallaɓai. Ba a tambayi ƙafar ba."

Aka kawo keken marasa lafiya. A nan Kyaftin ya cire hula ya zube gaban keken, idonsa jawur, ya ce Baba ka yafe mini. Baba ya sunkuya ya ɗauki takalmansa, ya ƙulla igiyoyinsu wuri ɗaya yadda ake yi idan za a rataya a wuya, ya miƙa masa.

"Wanda ya ce a cire, shi ke tsayawa gadi," in ji shi. "Na Dogo bai tsaya ba."

Aka tura keken. Kyaftin ya bi bayansu da takalma a hannu, bai ko waiwayo ni ba.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu zuwa wajen Gwaggo. Bakin da ya ce na tsinci dami a kala, shi ya ce yaron nan ba shi da tarbiyya, ya tsiraita mata ƙane a gaban jama'a, muddin tana numfashi ba zai auri 'yar gidan nan ba. Na ce mata an ceci ƙafar. Ta ce ƙafa ake ji ko mutunci? Na so in ce ta tambayi mai ƙafa ɗayan nan na baranda, sai Mama ta taka ni.

Ba a barin mata su kwana a ɗakin maza na asibitin, don haka mu biyu muka rage a gidan. Da magariba na sami Mama zaune a bakin ƙofar Baba, kusa da takalman Dogo, tana ninke safa. Na ce mata na gane tafiyar. Ba ta ɗago ba.

"Ni na ce muku Dogo ne," ta ce. "Da na ce ubanku ne, da kun leƙa."

Na tambaye ta ko Baba ya san abin da ta gaya mana. Ta ce bai taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Na tambaye ta maganar da ya yi wa Kyaftin, karɓa ce ko kora? Ta ce ita ma shekarunta nawa da shi, ba kullum take gane inda hukuncinsa ya ƙare, amanarsa ta fara ba. Ta ce dai bai taɓa ba kowa riƙon takalminsa ba, har ita.

Ta kasa kwana ɗakinsu ita kaɗai, ta dawo gadona. Na yi barci mai nauyi, irin wanda ban taɓa yi a gidan nan ba, don na san yanzu babu kowa a tsakar gida, ba a kuma taɓa yin kowa ba sai Baba.

Hasken waya ne ya tashe ni, gari bai fara fari ba, ladan bai kira ba. Mai Ciwon Kai ne.

"Baba na barci. Ƙafa biyun a naɗe, tun jiya bai sauko daga gado ba. Ya farka sau ɗaya ya duba ko ina nan, ya koma. Ban zauna ba. Kin ce idan an gama da kwamiti za ki ba ni amsa."

Na yi murmushi ni kaɗai, na fara rubutu. Sai na ji.

Shuu, taf.

Daga gindin famfo yake tahowa. Shuu, taf. A hankali, ba gaggawa, kamar mai hanyar da ya saba. Na juya in tashi Mama, na tarar idonta biyu, a buɗe, tana kallon rufi. Ta damƙi wuyan hannuna, tafinta sanyi ƙalau.

Da ɗaya hannun na goge abin da na fara, na rubuta masa: "Kada ka bar bakin ƙofar ɗakin da Baba yake."

Tafiyar ta wuce tagarmu, ta tsaya daidai ƙofar Baba. Sannan muka ji wani ɗan kuka siriri da na koya jiya a ɗakin kwamiti, kukan igiya tana bin huda. Sai dai wannan ba zarewa ake yi ba, ɗaurewa ake yi.

Mama ta ce, can ƙasan maƙoshi, kada ki leƙa.

Amma ai kun san sunan da ubana ya sa mini. Hannuna ya riga ya kai labule.